Ranar da Baba Ƙusa Bai Ƙwanƙwasa Ba

Da ƙusoshi a baki yake amsa gaisuwar safe. Yakan ɗebo su daga gwangwani, ya jera su tsakanin leɓɓansa kamar tsuntsu mai ɗauke da kayan sheƙa, ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya, guduma na bin kowace. In ka ce masa ina kwana, sai ya ɗaga gira, ya yi wani gunaguni ta hanci, kai kuma ka fassara yadda ranka yake so. Abin da ya sa duk layin ake ce masa Baba Ƙusa ke nan. Matarsa takan ce da ta san aurensa hira da hanci ne, da mai askin da ke kusa da su ta aura, ko banza shi bakinsa ba ya rufuwa.

Gyaran kujerun kushin ne sana'arsa. Shagon ɗaki ɗaya ne mai zurfi a gaban gidansu, ƙofa guda ta raba shi da tsakar gida. Soso a jingine har rufi, yaduka a nannaɗe, tsohon keken ɗinki a bakin taga, kujeru kwance ƙafafu sama kamar marasa lafiya masu jiran likita. Yana saurayi ya yi aiki a wani kamfanin katako, inda ƙarar injin zarto ta cinye masa kunne ɗaya, ta ɗanɗana ɗayan. Da kamfanin ya rufe sai ya dawo gida da gudumarsa. A wannan ɗakin ya nemi abin da ya ciyar da 'ya'yansa har suka yi fiffike suka tashi. Yakan ce kujera ba ta iya ɓoye sirrin gida: inda ta lotsa, nan maigida yake zama, inda hannunta ya goge kuwa, nan wani yake dafawa yana jiran wanda bai dawo ba.

Kyanwar tasa aro ce. Wata shekara ɓeraye suka sa soson shagon a gaba, matarsa ta aro 'yar kyanwa wurin wata maƙwabciya, da sharaɗin za a mayar in an gama. Maƙwabciyar ta tashi daga layin, ɓerayen suna nan abinsu, kyanwa kuma ta zama 'yar gida. Ruwan toka ce mai farin ƙirji, kamar ta zubar da madara a gaban rigarta. Ba wanda ya taɓa ganin ta kama ɓera a gaban shaidu. Aikinta ɗaya ne. Duk kujerar da aka gama sai ta hau, ta zagaya, ta tattaka da ƙafafun gaba. In ta kwanta, aiki ya yi. In ta sauka tana kaɗa wutsiya, Baba Ƙusa zai sa tafin hannu ya laluba, sau da yawa kuma ya tarar da ƙullin soso ko sifirin na ƙarfe da ya karkace. Don haka ya raɗa mata Sufeto.

"Ni shekara da shekaru ina gaya maka kujerar ɗakina tana soka na, ba ka ji ba," in ji matarsa. "Amma mage ta kaɗa wutsiya, ka ji da kunnen da ya mutu."

Ya zare ƙusar ƙarshe daga bakinsa ya ce, "Ita ba ta maimaitawa ne, Gimbiya."

Gimbiya, kamar yadda yake kiran ta, ta sha rantsuwa cewa ba ruwanta da kyanwar. To amma a 'yan makonnin nan Sufeto ta yi wata irin ƙiba, tana tafiya kamar mai ɗauke da kaya, shi kuwa ya dage cewa wani ne a gidan yake ɗura mata kan kifi a ɓoye, kuma a gidan su biyu ne.

Ranar da abin ya faru, doguwar kujerar wata tsohuwar malamar makaranta yake ƙarasawa. Ƙanin Gimbiya ne mai kai masa kaya da 'yar motarsa, mutumin da aka haifa da hannu a kan hon, har ana ce masa Gaggawa. Ya zo tun kafin lokaci, ya bar inji a kunne, rediyo na tashi, yana leƙowa.

"Mijin Yaya, kujera kake ɗinkawa ko gari kake ginawa? Ina da wasu kayan fa."

Kamar da gayya, baƙin yadin da ake rufe ƙasan kujera da shi ya ƙare. Gimbiya ta ɗauko wani tsohon labule da rana ta gama cinyewa ta miƙa masa. Ya ɗaga shi ya ga haske ta cikinsa, ya ce wannan ai cin mutuncin sana'a ne. Ta ce wa zai kwanta ƙasa ya leƙa gindin kujera? Hon ya sake tashi. Ya shimfiɗa labulen, ya bi shi da ƙusa, suka kife kujerar, suka ɗora, mota ta tashi.

Da yamma ya kaɗa gwangwanin kifi a bakin ƙofa kamar kullum. Ba ta zo ba. Ya ce yawo ta tafi, ai tana da ƙafa. Da safe ya tarar tururuwa sun yi layi a murfin da yake zuba mata madara.

Daga nan guduma ta kwanta. Safe da yamma yana bin layi da gwangwani a hannu, bayan shagon mai walda, ƙarƙashin motocin da aka ajiye, bakin kwata, yana kiran mus-mus da muryar da ba wanda ya san yana da ita. Abin da ya fi cin ransa shi ne kunnensa. Mai yiwuwa tana amsawa daga wani lungu, shi kuwa ya wuce ta kamar bango. Ya dawo ya tsaya a ƙofar kicin yana murza hula.

"Gimbiya, ara mini kunnenki."

Ta dube shi, ta dubi gwiwarta mai ciwo, ta yi tsaki, ta ɗauki mayafi. Haka aka riƙa ganin su, shi yana kira, ita tana saurare, sai ta ɗaga masa hannu ya yi shiru, su tsaya cak a tsakiyar hanya, ashe ƙofar wani ce ke kuka.

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Baba, mage ce fa. In kana so gobe in kawo maka uku a kwali."

Gimbiya ce ta waiwayo. "Kai ma ranar da ka ɓata, uku za a kawo mana a kwali."

Duk da haka, duk kan da ya zauna a kujerar mai askin nan a kwanakin sai an tambaye shi ko ya ga wata kyanwa ruwan toka. 'Yarsu da ke aure a nesa ta watsa hoton Sufeto ta waya. Aka yi ta kawo masa kyanwoyi, baƙa, ja, har da wani muzuru mai ido ɗaya da ya yakushe wanda ya kawo shi. Kowa sai Baba Ƙusa ya yi masa godiya har bakin hanya. Wata mai sayar da kifi da bai taɓa magana da ita ba ta zo da kanta ta ce kullum da rana tsaka kyanwar nan na zuwa ta zauna a gefen tirenta, ba ta roƙo, kallo kawai take yi har mutum ya ji kunya ya ba ta. Ta ce tun da ta daina zuwa take jin kamar ta manta wani abu a gida. Shi da ya ɗauka shi kaɗai Sufeto ta sani a duniya, ya ga ashe tana da jama'a. Abin ya ɗan sosa masa rai, ya kuma yi masa daɗi.

Akwai kunya a cikin irin wannan baƙin ciki, kuma ya sha ta. Mutum ne da ya binne iyayensa, ya riƙe maƙwabta a ranar da suka binne 'ya'ya. Wata safiya ya zauna a kan katakon wata kujera da ba a sa wa soso ba, ya ce wa matarsa, "Ina jin nauyin Allah, ina jin nauyin mutane. Gemu fari, ina zubar da hawaye a kan dabba."

Ta ajiye masa shayi. "Zuciya ba ta da sikeli, Malam. Abin da ya saba kwanciya a ƙafarka, in ya tafi, ƙafar ce take jin sanyi. Sha kafin ya huce."

Ya bar tagar shagon a buɗe. Yana sauya madarar kowace safiya. A hankali addu'arsa ta sauya. Da farko yana roƙon a dawo masa da ita. Daga baya ya koma roƙon duk inda take, a sa ta faɗa hannun mai tausayi. In kuma ta riga ta tafi, to ya gode da shekarun da aka ara masa, tunda dama aro ce.

Mako ya zagayo har ya wuce. Gimbiya ta shigo shago ta ɗauki gudumar ta danƙa masa. "Masu kaya sun fara zama a ƙasa a gidajensu. Kama aiki. In za ta dawo, ƙarar gudumarka za ta bi, ba kukanka ba."

Ya kama. Hannu ya tuna abin da zuciya ta ƙi. Ya yanka soso, ya ja yadi, ya ɗaure sifirin wata ƙaramar kujera, har ya zo aikin ƙarshe, wato rufe ƙasanta. Ya jera ƙusoshi a baki. Sai hannunsa, ba tare da ya umarce shi ba, ya juya gudumar ya ƙwanƙwasa katakon da ƙotarta, ya kuma shige cikin kujerar har kafaɗa yana lalube.

Haka yake yi kullum tun zuwan Sufeto, domin tana son shiga cikin kujera in tana buɗe, ta lafe a duhu tsakanin sifirin da katako. Kafin ya rufe sai ya ƙwanƙwasa ta fito.

Hannunsa na ciki ya daskare. Ranar doguwar kujera, da hon, da rediyo, da gardamar labule, bai ƙwanƙwasa ba. Bai zura hannu ba. Kuma ba ta zo ta hau kujerar ta duba ba.

Ƙusoshin suka zube daga bakinsa suka watse a siminti.

Abin da ya yi alfahari da shi duk rayuwarsa shi ne ƙusarsa ba ta fita. Yanzu wannan alfaharin ne ya shaƙe shi. Ya kira matarsa da ainihin sunanta, wanda rabon da ya faɗe shi tun suna da ƙuruciya. Ya faɗa mata abin da ya tuna. Ta kira ƙaninta a waya, ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon zane mai tsabta a ninke a hammata. Ya ga zanen, ya gane na naɗe gawa ne, ya kawar da kai.

"Zauna, gwiwarki," ya ce.

"Ba za ka buɗe ta kai kaɗai ba."

Gaggawa ya zo. A karon farko a tarihinsa bai taɓa hon ba, rediyo ma a kashe. A hanya ya ce, "Mijin Yaya, ni ne na matsa maka." Baba Ƙusa ya ce, "Kai ka danna hon, ni na buga ƙusa. Tuƙa kawai." Ya riƙe filayarsa ta cire ƙusa a cinya da hannu biyu.

Gidan malamar a hawa na sama yake. A kan matakala yana jan numfashi ta hanci a hankali, yana tsoron abin da hancin zai gaya masa. Ƙamshin sabulu kawai ya ji. Ta buɗe ƙofa, doguwar mace siririya mai tabarau, irin wadda in ta dube ka sai ka gyara tsayuwa ko da kana da jikoki.

"Malam mai gyara. Dama ina neman ka. Ku cire takalma."

Falon tsaf, littattafai a jere, ko ƙura babu. Doguwar kujerar na jikin bango, an gicciye sandar share-share a kanta daga hannu zuwa hannu.

"Kada wanda ya zauna nan," in ji ta. "An ce mini duk garin ba wanda ya kai ka. To me ka rufe mini ƙasan kujera da shi? Kwana ɗaya bai yi ba ya yage."

Baba Ƙusa ya juyo da kunnensa mai rai. "Malama, me kika ce ya yi?"

"Ya yage! Ranar da aka kawo ta na ji tana kuka, na ce mutumin nan ya sa mini sifirin mai kuka. Da gari ya waye sai ga yadin ƙasa yana reto, ga wata kyanwa zaune a kicin ɗina tana kallo na kamar sufeton makaranta."

"Sunanta ke nan," Gimbiya ta faɗa.

Malamar ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta saman tabarau. Ta ce ita ta ɗauka ta taga dabbar ta shigo ta lalata mata sabon aiki. Ta kore ta da tsintsiya, ta dawo. Ta sake kora, ta shige cikin kujerar ta ƙi fita. Bayan 'yan kwanaki sai muryoyin suka ƙaru, ƙanana, kamar ana murza sabon takalmi.

"Ni ba na son kyanwa, in gaya muku gaskiya. Amma wadda ta yi rayuwarta a cikin 'ya'yan mutane ba ta korar mai jego." Ta nuna wani kwano da ke ƙasan taga. "Madara take sha, kifi kuma sai an cire ƙaya. Wa ya lalata ta haka?"

Baba Ƙusa ya ajiye filayar, ya durƙusa, ya kwanta a gefensa a kan tayil kamar yaro mai neman ƙwallo. Malamar ta miƙa masa tocila. Tsohon labulen na nan a yage, zare-zare, ƙusoshinsa kuwa ko ɗaya ba ta motsa ba. Da baƙin yadinsa mai ƙwari ne, da ba farcen da zai huda shi. Bai taɓa gode wa Allah a kan aikinsa da ya lalace ba sai ranar.

Can ciki idanu biyu suka kama hasken. Ya ce mus-mus. Sufeto ta fito a hankali, ta rame, farin ƙirjin ya yi dauɗa. Ta shinshina yatsunsa masu warin gam, ta dafa goshinta a nasa ta tura, irin turawar da take yi in ya makara da buɗe shago. Sannan ta ɗan cije shi a babban yatsa, ta juya ta koma ciki.

"Kana jin su?" Gimbiya ta tambaya.

Ba ya ji. Sai ya manna kunnensa mai rai a jikin katakon kujerar, katakon da shi ya goge da hannunsa, ya rufe ido. Ta cikin icen muryoyin suka iso masa, sirara, suna rige-rige. Ya daɗe a haka.

"Ka ce ni nake ɗura mata," in ji Gimbiya tana share ido da bakin mayafi. "To ga ƙibar nan ta fito da ƙafafu."

Malamar ta hango zanen da ke hammatarta. "Wannan fa?"

"Shimfiɗa ce na kawo wa mai jego," Gimbiya ta ce, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta sunkuya da gwiwar nan tata ta tura shi ƙarƙashin kujerar.

Gaggawa, wanda ya tsaya a bakin ƙofa da safa mai huji, ya samu bakinsa. "Mijin Yaya, akwai kwali a mota. In ɗauko mu kwashe su?"

Baba Ƙusa ya tashi zaune. Kowa ya ga yadda yake son ya tafi da ita. Shagon nan babu ita, taga a buɗe, madara na tsami a murfi. Ya sake haska ciki. 'Ya'yan ko ido ba su buɗe ba, sun cusa kai a cikin uwarsu, ita kuma ta zagaye su da wutsiya.

"A'a," ya ce. "Na riga na ɗauke ta sau ɗaya ba da izininta ba. In Malama za ta yi haƙuri da mu, a bar su har su buɗe ido su taka ƙasa."

"Dama wa ya ce zan ba ka su yanzu?" in ji malamar. "Za ka iya zuwa da la'asar ka gan ta. Takalmi a waje. Ranar da suka tashi kuma ka zo da yadin kirki ka rufe mini kujerata."

"Zan rufe, Malama. Zan rufe da mai kyau." Ya miƙe yana dafa bango. Ya buɗe baki zai yi mata godiya irin wadda ta dace, mutumin da ya shekara da shekaru yana magana ta hanci, kalmomin suka ƙi jeruwa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya ji ƙan iyayenki. Allah ya sa ki faɗa hannun mai tausayi ranar da kike bukata."

Malamar ta cire tabarau ta shiga goge shi, alhali ba abin da ya same shi. "Amin. Ku zauna mana in dafa shayi. Ban da can."

Gimbiya ta zauna. Gaggawa ma ya zauna, abin da ba a saba gani ba. Baba Ƙusa ya ce shi ƙura ce ta shiga masa ido, a falon da ko ƙwayar ƙura babu, bari ya ɗan sha iska. Ya bi ta gefen kujerar a kan yatsun ƙafa don kada ya tashi masu barci, ya ja ƙofar a hankali, ya fita.